Ƙwallon Tsamiya a Tiruppur

Shekara ashirin da biyu ina sauraron bututu.
Mai lafiya yakan yi guɗa da ruwa a maƙogwaronsa,
wanda farar ƙasa ta shaƙe kuwa
tari yake yi, kamar tsohon da taba ta cinye.
Ni ne Velusamy, mai tsaron hasumiyar sanyaya ruwa
a bayan masaƙar rini, kusa da kogin Noyyal.
Ina jin tarin nan tun allurar awo ba ta motsa ba.

Ruwan burtsatsenmu daga cikin dutse yake fitowa,
kuma ba ya mance gidansu.
Da zafi ya taɓa shi sai tururi ya yi sama,
dutsen ya tsaya a baya,
ya shimfiɗa tabarma a cikin ƙarfe,
yau kaurin farce, baɗi kaurin yatsa.

Duk wata huɗu mukan kashe inji.
Guduma, kurfi, jarkokin asid masu hayaƙi.
Dubi bayan hannuna na hagu,
tabon nan fari mai siffar ganyen ayaba.
Ranar da muka zubar da ruwan wankin a kwata
ko kwaɗi ba sa kuka da dare.

Sai ga Thenmozhi, 'yar ɗakin gwaji,
furen yasmin a kitso, takalmin roba ya fi ƙafarta,
da bokitin wani abu mai yauƙi, launin shayi da madara.
Na ce mene ne?
Ta ce garin ƙwallon tsamiya ne, an ɗan gyara shi.
Dariya ta kusa kayar da ni daga kan tsani.
Tsamiyar da uwata ke goge tulun tagulla da ita,
ƙwallon da muke caca da shi muna yara a Palladam!

Ba ta ji haushi ba. Ta tsuguna ta zana min a ƙasa:
ga zare dogo, ido ba ya ganinsa,
yana da hannaye dubu.
Ƙwayar dutse tana neman 'yar'uwarta su yi gini,
sai zaren ya riƙe ta, ya laƙe mata a kafaɗa,
tubali ya karkace, bango ya ƙi tashi,
ruwa ya kwashe su tun suna ƙura.
Na ce to, mai shiga tsakani ke nan.
Ta ce kira shi yadda ka so, amma cokali ya zama daidai.

Watan farko mun sha kunya.
Abin da ya hana dutse zama ya ciyar da gansakuka,
tankin ya yi kore, ya yi warin tsohuwar miya.
Manaja Karuppiah ya zo yana huci.
Ta rage awo. Ta sake ragewa.
Dare goma sha ɗaya tana nan da fitila da kwalabe,
ni ina kawo kofi daga rumfar bakin ƙofa.

Bayan bikin Pongal muka kwance murfin.
Na zura yatsa.
Ɗan fari-fari, laushi kamar garin shinkafa
da matata ke zana ƙofar gida da shi da asuba.
Na hura, ya tashi.

Ba zan ɓoye ba, kuɗin ƙarin aikin kankara ya tafi,
kuma da shi nake biyan makarantar autata.
Guduma na rataye a ƙusa, tsatsa ta fara lasar ta.
Wani dare na kan tsaya in dube ta.

Jiya dai na ji kwaɗo a kwata, guda ɗaya,
muryarsa a dishe.
Na tsinci ƙwallon tsamiya a hanya na sa a aljihu,
ina juya shi da yatsa,
bututu na uku yana guɗa a bayana.